Tafasar da Ba Ta Ƙona Yatsa

A duk lungunan unguwar Misfala ta Makka ba wanda ya taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakin Sada. Tambaye shi maganin ciwon haƙori, ya sani. Tambaye shi abin da tattabarun Harami ke faɗa wa juna da hantsi, ya sani. Wani baƙon alhaji ya taɓa tambayarsa hanyar wani masauki da Sada bai taɓa jin sunansa ba, ya kwatanta masa tsaf har da inda zai karya kwana, bawan Allah ya yi ta tafiya sai ga shi a tashar motocin Kudai.

Aikin Sada a wani otal ne kusa da Harami, shi ke riƙe wa masu gyaran wuta tsani. Su hau, ya riƙe. Su ce miƙo kaza, ya miƙa. To tun ranar da wani Bamisire a cikinsu ya ce masa "ya muhandis" don zolaya, wato injiniya, Sada ya ɗauki sunan nan ya rataya a wuya. Har matarsa Murja ya nema ta daina ce masa Baban Mujahida ta koma Muhandis. Ta ce in ya gyara ƙwan fitilar banɗaki da ya shekara yana ƙyafta ido, za ta duba maganar.

Ita Murja sana'arta kunun zaƙi, kuma hannunta na da albarka. Ta jiƙa gero, ta markaɗa da citta da kanumfari da dankali, ta sheƙa tafasasshen ruwa a kan ƙullun ya yi kauri, in ya huce ta zuba tsiro, ya kwana ta tace. Ka kurɓa ka ji kamar kana zaune a zauren gidanku. A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar zafi ne burinta ya cika. Hajiya Ɗaso, dattijuwar da ke hawan ƙasa a gidan da suke haya, ita ke tsara babbar sufrar buɗa-baki da Hausawan lungu ke shimfiɗawa a ƙofar masallaci ranar Juma'ar tsakiyar azumi. Wadda ta saba yin kunun sufrar ta koma gida Najeriya, sai Hajiya ta aika aka kira Murja.

"Kunun bana naki ne," in ji Hajiya Ɗaso. "Amma ki ji da kyau, 'yar nan. Ni sau ɗaya nake ba mutum amana. In kin fita kunya, kowace shekara ke ce. In kin ba ni kunya a gaban baƙin Allah, ko ruwan wanke hannu ba zan ƙara sa ki ba."

Murja ta durƙusa ta yi godiya, ta hau sama zuciyarta fari ƙal. Shekara da shekaru tana jiran ranar da za a ce kunun Murja ne a sufra.

Matsala ɗaya ce. Ɗakinsu a can hawan ƙarshe yake, gidan kuwa ba lif, kuma babbar tukunyar kunu ba ta tafasa sai a kan babban murhun gas. Tukunyar gas ɗin, wadda a nan ake ce wa dabba, Sada ke hawa da ita a kafaɗa duk sanda ta ƙare. Ana saura kwana kaɗan azumi ya ɗauko cikakkiya, ya kusa kaiwa, sai silifas ya zame. Dabba ta kuɓuce ta gangaro tana kaɗa ganga a kowane mataki, ba ta tsaya ba sai a ƙafar Issoufou, mai gadin gidan. Issoufou Badamagare ne, Sada kuwa Bakano, ka san ba a raba su da tsokanar juna.

"Sannu Muhandis," in ji Issoufou. "Ita ka aiko ta riga ka, ko kai ne ta baro a sama?"

"Gwada ƙarfin ƙarfenta nake yi."

"Awo. To ta ci jarrabawa. Sauko ka sake ɗauka."

Sada ya sauko yana huci, ya tsaya a kan dabba kamar mai shirin wa'azi. Ya ce daga yau an gama. Wai a ce mutum kamarsa, wanda wutar otal mai hawa talatin ke hannunsa, yana dakon gas kamar jaki? Ya ce zai mayar da kunun Murja na lantarki, a danna makunni kawai kunu ya dafu. Don a san ba wasa yake ba, ya hau ya sauko da babban murhun ya haɗa da dabba ya tura wa Issoufou.

"Riƙe, sadaka. Mu mun wuce wannan zamanin."

"Allah ya karɓa," in ji Issoufou, ya ja abinsa ɗaki da sauri kafin a sake shawara.

Da Murja ta dawo daga kasuwa ta tarar da wurin murhu wayam, sai da ta zauna a ƙasa.

"Baban Mujahida, ina murhuna?"

"Na 'yanta ki."

"Daga me?"

"Daga duhun kai. Ke dai ki zuba ido."

Washegari ya dawo daga aiki da wani lanƙwasasshen ƙarfe a leda, cikin tsohuwar hitar wanka da otal ya zubar. Ya ɗaura shi a sandar mofa, ya gicciya sandar a bakin tukunya ƙarfen yana lilo cikin ruwa, ya haɗa masa waya da salatif har kala uku. Ya ja baya ya dube shi kamar wanda ya gama ginin masallaci.

Gwajin farko ranar da aka kama azumi aka yi shi. Ya soka waya a soket, ruwa ya fara tsuwa. Ya ɗauki ludayin ƙarfe don ya nuna wa Murja yadda ake juyi a zamanance. Ludayi na taɓa ruwa sai Sada ya yi wata rawa da ba a taɓa gani ba a Misfala, ƙafa ɗaya a sama, baki na salati. Ludayi ya tashi ta taga ya faɗa lungu, ƙarar ta iso har sama.

"Lafiya?" in ji Murja daga bakin ƙofa, inda ta tsaya tun farko.

"Lafiya ƙalau. Gaisawa muka yi."

"Da wa?"

"Da wutar. Sai ta san hannun maigidanta tukuna."

Daga ƙasa aka jiyo muryar Issoufou yana tambaya ko ludayin ma sadaka ne. Tun daga ranar Sada ya kafa doka, ba mai shiga kicin sai da takalmin roba da muciyar katako. Murja ta ce ita ko da takalmin soja ba za ta taɓa tukunyar nan ba.

Gwaji na biyu ya fi na farko tara jama'a. Bayan azahar ne, rana ta take, kowa a gidan ya kwanta a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana lallashin azuminsa. Sada ya ce ƙarfe ɗaya ya yi kaɗan, ya samo na biyu ya haɗa. Yana dannawa sai ji kake fam! Gida gaba ɗaya ya yi tsit. Kafin a ce kwabo ɗakuna sun koma tanda, ƙofofi suka fara buɗewa, mutane suka fito kan matakala da singileti da mafici. Hajiya Ɗaso ta fito da sandarta.

"Wa ya kashe mini mukayyif ina tsakiyar izu?"

Sada ya leƙo daga sama, girarsa ɗaya a babbake. "Hajiya, ai ko'ina ne. Duk Makka ba wuta."

"To gidan da ke kallonmu a Madina yake?" in ji Issoufou. "Ga fitilarsu can tana ci."

"Layinsu daban ne. Kai me ka sani a harkar kahraba, harkar lantarki?"

"Ni ban san komai ba. Na dai san ƙauri daga ɗakinka yake fitowa."

Issoufou ya je akwatin makunnan gidan ya mayar da wuta. Mutane suka koma, kowa ya gyara kwanciya. Fam! Aka sake fitowa. A karo na uku wani tela Bayamane da ke hawa na biyu ya hau har ƙofar Sada yana zuba Larabci kamar ruwan famfo, Sada yana cewa "mafi mushkila, mafi mushkila," wato ba matsala, telan yana cewa akwai mushkila, mushkilar kuwa kai ne. Issoufou ya ce in wuta ta ƙara ɗaukewa, da kansa zai kira mai gidan.

Da yamma Murja ta zaunar da shi.

"Baban Mujahida, don girman Allah ka je ka karɓo dabbar nan. Sufra ta kusa. Sunana ne a kai, ba naka ba."

"In je in roƙi Badamagare abin da na ba shi sadaka? A yi da ni a Misfala?"

"Ni da za a yi da ni fa?"

"Ba za a yi ba. Na gano bakin zaren."

Abin da ya gano shi ne wani tsohon soket a bayan firiji. Tsofaffin gidajen Makka wuta iri biyu gare su, akwai mai ƙarfi ta ɗari biyu da ashirin, akwai mai sanyin jiki ta ɗari da goma. Ƙarfen Sada na mai ƙarfi ne. Da ya soka shi a mai sanyin jiki, wuta ba ta ɗauke ba, ludayi bai tashi ba, ƙauri bai fito ba. Ruwa ya yi ɗumi, irin ɗumin da ake wa jariri wanka, ya tsaya a nan. Sada ya yi kabbara.

"Bai tafasa ba," in ji Murja.

"Zai tafasa. Gas hayaniya ce, lantarki kuwa natsuwa gare shi. A hankali yake aikinsa, kamar babban malami."

Murja ta ƙudura a ranta cewa ranar Laraba, in ya fita aiki, za ta sauka da kanta ta roƙi Issoufou aron dabba ta yi kununta. Sai dai ta Allah ba tata ba. Da hantsin Laraba aka bugo waya daga unguwar Rusaifa, ƙanwarta Mu'minat na naƙuda, haihuwar fari, ba kowa a kusa. Ta riga ta markaɗa ƙullu, ga tsiro a kwano, ga buhun sukari a gefe. Ta tsaya da abaya a hannu tana duban tukunya tana duban mijinta, hankalinta ya rabu biyu.

"Ka ji abin da zan faɗa maka. Ka karɓo dabba. Gobe ka tafasa ruwa, tafasa ta gaske, ka sheƙa a ƙullu. Sai ya huce ka sa tsiro. Sukari kuwa kada ka taɓa shi sai na dawo."

"Murja, wa kike koya wa?"

"Ka ce ka ji."

"Na sani tun kafin ki faɗa."

Ta fita tana waige. Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa a matakala ba Sada ya naɗe hannun riga. Dabba dai ba zai karɓo ba, kuma jira har gobe aikin marasa ilimi ne. Ya kunna ƙarfe ya jira tafasa, tafasa ta ƙi zuwa. Da ya gaji sai ya yanke hukunci cewa duk wannan sa-wannan-jira-wancan al'adar mutanen gas ce. Ya juye ƙullu cikin ruwan ɗumi, ya juye tsiro, ya juye sukari, ya ga ragowar dabino a leda ya ce albarka ce ya watsa. Ya rufe tukunya da bargo, ya bar ƙarfe a kunne, ya tafi aiki. A azumi a otal yake buɗa baki, don haka bai ko ɗanɗana ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya ɗaga bargo, sai ya ga abin da ya sa shi tsalle. Tukunya na ɓulɓula. Kumfa na tasowa daga ƙasa tana fashewa a sama, ɓul, ɓul, ɓul. Ya sauka a guje ya jawo Issoufou da hannun riga har sama.

"Zo ka gani da idonka, Badamagare! Me ka gani?"

"Na ga abu yana motsi."

"Tafasa ke nan! Yanzu kalli ikon ilimi." Ya zare waya, ya tsoma yatsa cikin tukunya har gaɓa, ya ɗago shi lafiya lau. "Ka taɓa ganin tafasar da ba ta ƙona yatsa? Ga wuta a kashe, ga shi yana ci gaba da tafasa da kansa. Gas ɗinka zai iya?"

Issoufou ya sunkuya, ya ja numfashi, sai ya ɗago a hankali. Dariyar da ke fuskarsa ta gudu. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya rage murya.

"Muhandis, wannan abu ya juya."

"Ya juya ina?"

"Ya dai juya. Ka zubar, ka zo ka ɗauki dabba a sake sabo. Ba don kai ba, don Murja."

"Me ya zama in ya juya? Faɗi mana."

Akwai sunan da ba a kira a garin nan, balle a azumi, kuma duk wanda ya kira shi sai an tambaye shi inda ya san shi. Issoufou ya ce, "Ni dai na faɗa maka."

"Hassada ga mai rabo taki," in ji Sada, ya mayar da bargo.

Da safiyar Juma'a ya tace abinsa, ya ɗura a jarkoki, ya murɗe murafe tam har da naɗa leda don kada albarka ta fita. Ya sauko da su ya jera a ƙofar masallaci tun kafin a tafi Juma'a, inda rana ke dukansu, don duk mai wucewa ya gani ya tambaya. Wanda bai tambaya ba ma an ba shi amsa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa ledojin sufra daga ƙofar masallaci har bakin lungu. Aka jera dabino da sambusa da ƙosai da kofunan zamzam. Jama'a suka zazzauna, Hausawan unguwa da leburori 'yan Bangaladash da baƙin Umra da telan nan Bayamane. Malam Abdulwasi'u, limamin masallacin, ya zauna a tsakiya cikin farar jallabiya sabuwa dal. Mutum ne da ya tashi tun yana yaro a zauren karatu, bai san komai na duniya ba sai littafi da alwala. Mata suna daga gefe a bayan labule, Hajiya Ɗaso na kan kujera tana ba da umarni da sanda.

Ana saura kaɗan a sha ruwa Murja ta sauko daga mota da ledar ƙanƙara a kowane hannu. Mu'minat ta sauka lafiya, ita kuwa ko gida ba ta shiga ba ta yo nan. Tana hango jarkokin ta ja ta tsaya. Sun kumbura sun yi tim, gindinsu ya tashi daga ƙasa, ɗaya har tana wani ɗan fito.

"Baban Mujahida!" ta kira daga bayan labule. "Kada ka buɗe!"

Ina, Sada ya riga ya miƙe ya gyara hula. "Jama'a, salamu alaikum. Kunun da za ku sha yau ba irin wanda kuka saba ba ne. Wuta ba ta taɓa shi ba, hayaƙi bai taɓa shi ba. Kunun kahraba ne, na farko a Misfala, kuma ni Muhandis Sada na haɗa shi da hannuna daga farko har ƙarshe. Matata ko cokali ba ta sa ba."

"A shaida wannan," in ji Issoufou, yana ja da baya da tabarmarsa.

Sada ya kama murfin babbar jarka ya murɗa. Murfi bai jira a gama ba. Ya tashi kamar harsashi ya doki lasifikar masallaci, kumfa ta biyo shi ta yi sama ta dawo a kan sambusa, a kan ƙosai, a kan sabuwar jallabiyar Malam. Sada ya rungume jarkar don ya toshe bakinta da tafin hannu, ƙafarsa ta ture ta kusa, ita ma ta harba. Ta uku ba a ko taɓa ta ba, ganin 'yan'uwanta sun fara ta bi sahu. Mutane suka watse suna kare kofunan zamzam da hannu, telan Bayamane ya fake a bayan wani ɗan Bangaladash da bai kai rabinsa ba.

Da kumfa ta lafa, sai wari ya tashi.

Dattawan Hausawa suka dubi juna, kowa ya mayar da ido ƙasa. Akwai tsofaffin direbobi a wurin, akwai waɗanda suka yi zaman bariki kafin Allah ya kawo su nan, hancinsu ya gane abin tun shaƙar farko. Amma ba wanda ya motsa leɓe. Kowa ya san in sunan nan ya fito ya manne wa gidan Murja, ba kunun sufra kaɗai za ta rasa ba, zaman garin ma sai ya gagare su. Murja ta saki ledojin ƙanƙara, hawaye ya cika mata ido.

Malam Abdulwasi'u ya ɗaga hannun jallabiyarsa ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya tambaya da zuciya ɗaya.

"Ikon Allah. Wannan wane irin wari ne? Alhaji Muttaka, ka san shi?"

Alhaji Muttaka, wanda ya yi shekara ashirin yana jan tirela kafin ya tuba ya zama ladan, ya ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"Issoufou?"

"Ni mura gare ni, Malam. Ban sani ba."

Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ban sani ba, kowa ban sani ba. Sada na tsaye kumfa na ɗiga daga gemunsa, yana jin kalmar nan tana yawo a lungu, tana sukarsa kamar ƙaya. Tambaya a fili, a gaban jama'a, ba mai amsa! Ya daure, ya ciji leɓe, ya haɗiye. Abin ya fi ƙarfinsa.

"Haba jama'a, wannan ma sai an tsaya nema? Ai warin burukutu ne! Na gero ma kuwa, don na dawa ya fi wannan kauri, kuma in an bar shi ya ƙara kwana ɗaya sai ya..."

Ya tsaya. Ya ga idanu sun yi masa caa. Ya dubi jarkokin, ya dubi hannunsa, sai a lokacin maganar ta iso kunnen mai ita.

Telan Bayamane ya taɓa Issoufou ya tambaye shi da Larabci me mutumin ya ce. Issoufou ya ce, "Kharban, ya shaikh, kharban," wato abin ya lalace, ba wani abu ba. Tela ya ce wannan ai ba sai an faɗa ba.

Malam Abdulwasi'u ya juyo ya dubi Sada. Sannan ya ce a hankali, "To, Muhandis. Mu duk nan ba mu san shi ba. Kai a ina ka san shi, har da na gero da na dawa?"

Sada ya buɗe baki. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi labulen da matarsa ke baya. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

"Allah gafarta Malam... ban sani ba."

"Allahu akbar!" in ji Issoufou. "Jama'a ku shaida, yau ya faɗa!"

Kamar jira ake, sai kiran salla ya taso daga Harami. Aka buɗa baki da dabinon da ya tsira da ruwan zamzam, dattawa na kurɓa kafaɗunsu na rawa, Alhaji Muttaka har ya ƙware. Malam ya sa aka tuttular da jarkokin a magudana aka bi da ruwa, ya aika a ɗauko masa wata riga, ya ce da Hausa, don masu jin Hausa, kunu ne ya lalace, kuma maganar ta mutu a lungun nan.

A bayan labule Murja ta durƙusa a gaban Hajiya Ɗaso, ta kasa ɗaga kai.

"Hajiya, na ba ki kunya."

"Hannunki ya taɓa abin can?"

"A'a."

"Na ji da kunnena, shi ya ce ko cokali ba ki sa ba. A duk surutunsa na shekara goma, yau ne kawai ya yi wanda ya amfane ki." Hajiya ta buga sanda a ƙasa. "Amanar da na ba ki ba ki taɓa ta ba tukuna, balle ki ci. Juma'a mai zuwa za a sake sufra, kunu naki ne. A kan gas. Shi kuwa in ya leƙa kicin, ki aiko a kira ni."

Murja ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

Washegari da hantsi Issoufou ya fito da dabba da murhu ya ajiye a gindin matakala, ya ce sadaka ce yake mayarwa, amma ladan dako na mai shi ne. Sada ya saɓa dabba a kafaɗa. A kowane hawa ƙofa a buɗe take, da mai tambaya a tsaye. Wannan ya ce, Muhandis, yau za a yi zafi kuwa? Wancan ya ce, Muhandis, mene ne maganin kumburin jarka? Sada bai tanka wa kowa ba, ya dai riƙe dabba da hannu biyu, ya cire silifas tun daga ƙasa.

Ranar Alhamis Murja ta ɗora tukunya ta kunna murhu. Ba a jima ba ruwa ya hau tafarfasa, tururi ya cika kicin, murfi na rawa. Ta leƙo falo inda Sada ke zaune, an yi masa iyaka da bakin ƙofa.

"Muhandis," in ji ta, karo na farko da ta taɓa kiransa haka. "Ga shi yana ɓulɓula. Zo ka sa yatsa ka gwada mana ko ya tafasa."

Sada ya dubi tururin, ya tura hannayensa biyu cikin aljihu.

"A'a, Murja. Wannan kam na sani."